Surin Gara na Gandun Dajin Litchfield

Gandun Dajin Litchfield, wanda aka kafa a shekarar 1986 a Yankin Arewa na ƙasar Ostareliya, yana da nisan kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da birnin Darwin, kuma ko da yake ruwan da ke kwararowa daga kan duwatsu ne ke jawo yawancin baƙi, abin da ya fi cancantar a tsaya a yi nazarinsa shi ne fadamar da gara ta cika da gine-ginenta a bakin hanyar shiga.

Suri iri biyu ne a wurin. Na farko dogo ne mai rassa da lunguna, wanda tsayinsa kan wuce mita 4, kuma garar da ke gina shi ciyawa take yanka tana tarawa a ciki, saɓanin manyan garar Afirka da ke noma wani nau'in naman gwari a ɗakunan surinsu. Na biyu, wanda shi ne abin mamakin, tsayinsa kan kai mita 2, amma shafaffe ne kamar allon da aka kafa a tsaye, faɗinsa na fuskantar gabas da yamma, kaifinsa kuma na nuna arewa da kudu, shi ya sa ake kiran mai gina shi, wato Amitermes meridionalis, garar maganaɗisu.

Dalilin wannan siffa yana tattare da yanayin fadamar, domin da damina ruwa kan mamaye ƙasa na tsawon watanni, ta yadda garar ba ta da halin nutsawa cikin ƙasa idan zafi ya tsananta, dole ginin da kansa ya daidaita mata ɗumi. Da hantsi bangon gabas yana shan rana ya kori sanyin dare, da tsakar rana kaifin kaɗai rana ke duka, da la'asar kuma bangon yamma ya karɓa. Masanin dabbobi Gordon Grigg ya wallafa a 1973 cewa da ya juya irin wannan suri har kaifinsa ya koma gabas da yamma, zafin cikinsa ya ƙaru sosai, abin da ya tabbatar da cewa alƙiblar ba ado ba ce.

Mai ɗaukar hoton da ya fahimci wannan ba zai isa da tsakar rana ba, lokacin da haske ke shafe kaushin bangon, sai dai da sassafe ko da yamma, sa'ad da inuwa ke miƙewa duk ta gefe guda. Hoto ɗaya daga gaban suri ba ya faɗin gaskiyarsa. Sai an ƙara da wani daga kaifin, inda ginin ke zama siriri, sannan tsarin zai bayyana. Shi kuwa dogon surin, tsayuwar mutum a kusa da shi ce ke nuna girmansa.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne rani, daga Mayu zuwa Oktoba, tun da ambaliya kan rufe wasu hanyoyin dajin da damina. Hukumar gandun ta shimfiɗa dandamalin tafiya a gefen fadamar domin kada a tattake ta, kuma hawa suri ko ɓantarar gefensa don neman kyakkyawan hoto ɓarna ce babba, ganin cewa wasu daga cikinsu sun haura shekara 50 ana gina su, kuma har yanzu garar tana ciki.