Zaɓen Amfilifaya: Mai Kwalba ko Mai Taransista?

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba yadda makaɗi zai zaɓi amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi kafin ya fita ta lasifika.

Amfilifaya iri biyu ce. Ta farko ita ce mai kwalba, wadda ke aiki da wasu 'yan kwalabe masu ɗaukar zafi. Idan aka ƙure mata murya, sautinta yakan yi kauri da gurnani. Wannan gurnani ne makaɗan jita na kiɗan rok suke nema, shi ya sa suka rungumi Marshall, wadda Jim Marshall ya fara ƙerawa a Landan a 1962. Fender ta Amurka kuwa an fi saninta da sauti garau. Ta biyu ita ce mai taransista, wanda aka ƙirƙiro a 1947. Ba ta da nauyi, ga araha, ga jure wahala.

To, mai kukuma ko garaya da ke yawon biki tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wacce ta dace da shi? Kwalba ba ta son jijjigar babur, ba ta son wutar janareta mai hawa da sauka, idan kuma ta mutu, samun wata sai an sha wuya. Ban da haka, a kiɗan Hausa waƙa ce gaba. Gurnanin da ke ƙawata jita zai iya danne kalmomin mawaƙi da 'yan amshinsa.

Saboda haka, a ganina, mai taransista ta fi masa, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.