Yaron da damuwar gida ta hana shi karatu: ina gaskiya, ina jita-jita?

A ɗakin malamai da majalisar unguwa, ba a rasa mai yanke hukunci a kan yaron da ke gyangyaɗi a aji, ko mai yawan faɗa, ko wanda karatunsa ya ja baya tun da iyayensa suka rabu. Wasu maganganun suna da tushe, wasu kuwa gado kawai aka yi. Ga biyar daga cikinsu.

"Rigimar gida tana taɓa karatu." Gaskiya ne. Yaron da ya kwana yana jin ihu da duka, jikinsa yakan saki sinadarin kotisol, mai sa mutum shirin gudu ko kare kai. Na ɗan lokaci yana da amfani, amma idan fargaba ta zama ta kullum, sai ta raunana natsuwa da riƙe darasi. Yunwa da ƙarancin barci ma haka suke yi. Yarinyar da ta yi talla har dare tana kallon allo, amma hankalinta yana kan cinikin da bai cika ba. Kiran ta daƙiƙiya zalunci ne.

"Ai yaro ne, zai manta." Ƙarya ne. Tsakanin 1995 da 1997, hukumar CDC ta Amurka da Kaiser Permanente sun tambayi manya fiye da 17,000 a San Diego abin da suka gani suna yara: duka, sakaci, rabuwar iyaye, shaye-shaye a gida. Kusan biyu bisa uku sun ɗanɗana aƙalla ɗaya. Kuma gwargwadon yawan wahalar ƙuruciya, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya, ciwon damuwa da shaye-shaye bayan an girma.

"Matsalar gidan talaka ce." Ba haka ba ne. Mutanen San Diego ɗin duk suna da inshorar lafiya, akasarinsu kuma sun yi karatu gaba da sakandare. A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 da tallafin UNICEF ya nuna yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Talauci yana ƙara nauyi, amma katanga mai tsawo ba ta hana kuka a cikin gida.

"Bulala ce maganinsa." Ƙarya ne. A 2016, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000. Ba su ga shaidar cewa duka yana gyara hali ba, sai ma alaƙarsa da ƙarin taurin kai da faɗa. Wanda tsoro ya hana shi ganewa, ƙarin tsoro ba zai buɗe masa kai ba.

"Wanda ya tashi a irin wannan gida ya riga ya lalace." Wannan ce ƙaryar da ta fi ɓarna, domin ita ke sa manya su naɗe hannu. Emmy Werner ta bibiyi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikici, kusan ɗaya bisa uku sun zama mutane masu natsuwa da sana'a. Abin da ya yi ta fitowa a tarihinsu shi ne babba guda da ya tsaya musu: kaka, goggo, maƙwabci ko malami.

Saboda haka malami ba sai ya sasanta iyaye kafin ya taimaka ba. Ya kira yaron gefe, ba gaban aji ba, ya tambaye shi ko ya karya, ya ba shi damar rama aikin da ya wuce shi, ya nemi dangin da yaron ya yarda da shi. Idan kuwa ya ga alamar rauni ko lalata, wannan ta wuce "a rufa asiri": shugaban makaranta da jami'an kula da walwalar yara ya kamata su sani a ranar.