Tarin asma na dare: Iyakar abin da zuma da citta za su iya yi

Da zarar hunturu ya kankama a mazaɓar Tabanni da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, akwai gidajen da barci ke ƙaurace musu. Yaro ya wuni yana wasa lafiya ƙalau, ya ci tuwo ya kwanta, amma can tsakar dare tari ya tashe shi, ƙirjinsa yana fito, numfashi yana yi masa wuya. Uwa ta tashi ta dafa citta, ta zuba zuma, ta ba shi. Kafin hantsi ya warware kamar ba shi ba, sai kowa ya ce maganin ya karɓe shi. Daren gobe kuma a sake komawa gidan jiya.

A birni, irin wannan dare yakan ƙare ne a sashen gaggawa na asibiti. A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Birnin Gwari lamarin ya bambanta. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun sa fita da dare ta zama kasada, kuma duk da sauƙin da aka samu bayan sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, ɗaukar mai haki a kan babur cikin duhu zuwa babban asibiti ba ƙaramin aiki ba ne. Saboda haka abin da iyali suka tanada tun da rana shi ne zai yi musu amfani da dare, kuma wajibi ne su san wane magani ne ke buɗe numfashi, wane ne kuma iyakarsa maƙogwaro.

Me ya sa sai da dare?

Asma cuta ce ta hanyoyin da iska ke bi cikin huhu. Cikin waɗannan hanyoyi yana kumbura, majina mai kauri ta taru, sannan jijiyoyin naman da ke zagaye da su su tsuke. Iska ta rasa isasshiyar hanya, sai a ji tari da fito da ɗaurewar ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da cutar a shekarar 2019, kuma ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Jikin ɗan Adam yana da nasa agogon. Sinadaran da ke rage kumburi da buɗe hanyoyin iska, wato kotisol da adirenalin, suna raguwa cikin dare. Shi ya sa huhu ya fi sakewa da wajen la'asar, ya fi tsukewa da wajen ƙarfe 4 na asuba. Mai lafiya ba ya jin wannan bambanci, amma wanda hanyoyinsa suka riga suka kumbura yana ji a jikinsa. Ga sanyin asuba, ga majinar hanci da ke gangarawa maƙogwaro idan an kwanta, ga ƙwannafi ga wanda ya cika ciki ya kwanta nan take.

Wannan ne kuma ya sa ake yawan yaba wa maganin da bai yi aikin ba. Da gari ya waye, jiki da kansa yake sakin hanyoyin iska, ko an sha citta ko ba a sha ba. Kumburin yana nan yana jiran dare.

Abin da ke cikin ɗakin kwana

Maganin gida na farko ba a dafa shi, gyaran ɗaki ne. A lokacin sanyi mutane kan shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Hayaƙin yana tayar da asma, kuma gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mai barci. Haka turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi da feshin fiya-fiya da fitilar kananzir duk suna cikin abubuwan da ke tayar da tari. Gidan sauro ya fi wa mai asma alheri, bargo da rigar sanyi kuma sun fi kasko.

Birnin Gwari ƙasar noma ce, kuma kaka tana zuwa da nata ƙalubalen. Ƙurar sussukar masara da dawa da waken suya tana maƙalewa a tufafi, wasu kuma saboda tsoron ɓarayi suna jibge buhunan hatsi a ɗakin da suke kwana, tare da maganin ƙwarin da aka zuba musu. Mai asma ya canza kayan gona kafin ya shiga ɗaki, kada kuma ya kwana da buhuna. A riƙa shanya katifa da bargo a rana, a yayyafa ruwa kafin shara, a fitar da shi waje har ƙura ta lafa. Kyankyasai da kaji da kyanwa su ma a raba su da wurin kwanansa. Mai shan taba ya sani cewa hayaƙinsa na cikin abin da ke hana ɗansa barci.

Ana kuma so a ci abincin dare da wuri, a ɗaga kai da kafaɗu da matashi, sannan idan za a fita sallar asuba cikin hazo a rufe hanci da baki da mayafi ko rawani, domin iskar ta ɗan ɗumama kafin ta isa huhu.

Zuma, citta da magungunan Indiya

A 'yan shekarun nan, bidiyoyin waya da shagunan magungunan gargajiya sun kawo wa jama'a sunan Ayurveda, tsohon tsarin maganin gargajiya na ƙasar Indiya, wanda gwamnatin ƙasar ta kafa wa ma'aikata ta musamman tare da takwarorinsa a 2014. Tsarin ya daɗe da sanin asma, yana kiranta Tamaka Shwasa, kuma abubuwan da yake amfani da su ba baƙi ba ne ga Bahaushe: citta da kurkum da zuma da masoro, da wani ganye mai suna tulsi wanda dangin ɗoɗɗoya ne. A nan gida kuma akwai kanumfari da tafarnuwa da lemun tsami da habbatus sauda, da ciyawar nonon kurciya da aka daɗe ana dafa wa masu haki.

Waɗannan abubuwa suna da nasu amfanin. Ruwan ɗumi da zuma yana kwantar da ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma bincike ya nuna zuma tana rage tarin mura ga yara. Shayin citta yana ɗumama jiki, shan ruwa isasshe yana sa majina ta yi laushi. Wanda ya ji daɗinsu ya sha, babu laifi. Sai dai tarin mura daban, tarin asma daban. Abin da aka haɗiya ciki yake tafiya, matsalar kuwa tana can cikin huhu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka tabbatar yana buɗe hanyoyin iska sa'ad da numfashi ya sarƙe, ko yana maye gurbin maganin asibiti.

Akwai kuma wuraren taka-tsantsan. Ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Sirace da tafasasshen ruwa ya sha ƙona yara, kuma ƙamshin man shafawa mai yaji da ake zubawa a ciki yakan ƙara tsuke ƙirjin wasu. Game da magungunan da ke zuwa a kwalba ko a ƙunshi, wani bincike da aka wallafa a 2004 ya gwada magungunan Ayurveda 70 da ake sayarwa a shagunan birnin Boston na Amurka, ya samu dalma ko zaiba ko asenik a cikin 14. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu bayanin gubar dalma, ganin yadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Lambar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kansa.

Mafi haɗari shi ne zaƙami. An daɗe ana shaƙar hayaƙin ganyensa saboda asma a Indiya, daga can al'adar ta shiga Ingila a farkon ƙarni na 19, har aka riƙa sayar da shi a matsayin tabar masu asma. Gaskiya ne yana ɗauke da sinadarin da ke sakin hanyoyin iska, kuma daga dangin wannan sinadari masana suka samar da wani maganin shaƙa da asibitoci ke amfani da shi a yau. Amma a cikin ganye babu awo. Tazarar da ke tsakanin abin da zai sauƙaƙa numfashi da abin da zai gusar da hankali ko ya kashe mutum kaɗan ce ƙwarai. Ba banza ba Hausawa suke kiransa haukata-yaro.

Maganin shaƙa iri biyu ne

Na farko shi ne mai buɗe hanya nan take, wato salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, galibi mai launin shuɗi. Yana aiki cikin 'yan mintoci, amma ba ya taɓa kumburin. Na biyu shi ne na rigakafi, irin su beclometasone da budesonide, wanda ke kwantar da kumburin a hankali idan ana shaƙa kamar yadda likita ya tsara, ko da mutum yana jin garau. Shi ne ainihin maganin tarin dare. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da mai shuɗin shi kaɗai.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan asma ta tashi mutum daga barci ko da sau ɗaya ne cikin makonni huɗu, ko yana bukatar mai shuɗin fiye da sau biyu a mako, to cutar ba ta kwanta ba, ya je a duba shi. Jita-jitar cewa wanda ya fara shaƙa ba zai iya dainawa ba, ba ta da tushe. Tsada kuwa gaskiya ce, musamman bayan da kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkokinsa kai-tsaye a Najeriya, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Akwai salbutamol na wasu kamfanoni da ya fi sauƙi, kuma yana da kyau a tambayi ma'aikatan lafiya game da shirin taimakekeniyar lafiya na jihar, wato KADCHMA.

Abin da bai kamata a maye gurbinsa da shi ba shi ne maganin tari na ruwa, wanda ba ya yi wa asma komai, da kuma ƙwayoyin dexamethasone ko prednisolone da wasu ke saya a kemis suna sha wata da watanni. Likita kan ba da irinsu na 'yan kwanaki idan ciwo ya tashi, amma daɗewa a kansu yana jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Wasu masu asma kuma asfirin da ibuprofen da diclofenac suna tayar musu da ciwon.

Gorar ruwa mai ceton rai

Idan akwai dabarar gida da bincike ya tabbatar, to gorar roba ce. Yawancin mutane, musamman yara, ba sa iya daidaita fesawa da jan numfashi, sai maganin ya tsaya a baki. A 1999 Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar ruwa mai cin rabin lita tana isar da maganin cikin huhun yara kamar na'urar da ake saya da tsada.

Ana wanke gorar da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta. A huda gindinta daidai girman bakin abin shaƙar, a cusa shi ya zauna daram ba tare da iska tana fita ba. A girgiza maganin, maras lafiya ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau biyar ko shida, sannan a sake idan da bukata. Ƙaramin yaron da ba zai iya kama bakin gora ba, ma'aikacin lafiya ya nuna wa uwarsa yadda za ta yi.

Idan numfashi ya sarƙe cikin dare

A zaunar da shi tsaye, kada a kwantar da shi. A fitar da duk abin da ke hayaƙi, a rage cunkoson mutane a kansa. A ba shi mai shuɗin ta gora, fesa ɗaya bayan ɗaya, ana barin kamar minti ɗaya a tsakani, har zuwa goma ga babba ko yaro mai wayo, shida ga ɗan ƙasa da shekara biyar. Idan ya kasa haɗa magana, ko ya kasa shan nono, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko leɓɓansa da faratansa sun canza launi, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, to ba a jiran wayewar gari. Ƙirjin da ya daina fito alhali mutum yana ci gaba da wahala alama ce ta tsanani. A kama hanyar cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Birnin Gwari, ana maimaita maganin kowane minti 20 a kan hanya. Kada a ɗura masa jiƙo ko zuma a wannan hali, zai iya shaƙewa.

Ba kowane tarin dare ne asma ba

Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da zazzaɓi ko gumin dare ko rama ko jini a majina, yana bukatar gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma akwai cibiyar ƙasa ta wannan cuta a Saye da ke Zariya. Dattijon da ke farkawa yana haki ga kumburin ƙafa, zuciyarsa za a duba. Matan da suka shekara suna girki da itace, da masu ƙona gawayi, da matasan da ke haƙa da niƙa dutsen zinare a yankin, suna iya kamuwa da wasu cututtukan huhu masu kama da asma. Wanda lamarinsa ya gagara, akan tura shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Duk gidan da ke da mai asma, kafin magariba ya tabbatar abin shaƙar bai ƙare ba, gora da tocila suna kusa da shimfiɗa, an san babur ɗin da za a hau kuma akwai mai a cikinsa. Bayan haka, a dafa citta a zuba zuma a sha.