Ruɓewar Dankali da Tumatir: Ta Ina Ɓarnar Ke Shiga?

Manomin Batsari ko Safana yakan ɗebe wata huɗu yana wahalar dankali, amma ranar kasuwa ya kwance buhu ya tarar da wani sashe ya narke. Haka mai tumatir. Shin me ke jawo wannan hasara?

Ƙananan halittu ne iri biyu. Ta farko funfuna ce, Rhizopus stolonifer, mai lulluɓe dankali da farin gashi. Ta biyu bakteriya ce, Pectobacterium carotovorum, wadda L. R. Jones ya bayyana a Amurka a 1901. Dukkansu suna fitar da sinadarin da ke narkar da pektin, wato danƙon da ya riƙe naman tsiro.

Sai dai da wuya su huda lafiyayyen ɓawo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar kuwa ita ce saran fartanya, da hujin tsutsa, da ɗora kwando bisa kwando.

Saboda haka a ware masu rauni tun daga gona. A bar dankali kwana 4 zuwa 7 a wuri mai ɗumi da laima, rauninsa ya warke kafin ajiya.

Ɗalibai, ku gwada: ku soki tumatir guda da ƙaya, ku bar guda lafiyayye, ku duba su bayan kwana uku.