Rawar Sitiyari Da Kukan Birki: Alamun Da Mai Iyali Bai Kamata Ya Raina Ba

Mai karatu, ka taɓa ɗauko iyali daga Legas ko Ibadan za ku gida hutun Sallah, kana hawa babban titi sai ka ji sitiyari yana karkarwa a hannunka? Da yawanmu sai mu rage gudu, rawar ta lafa, mu ce sai mun dawo. Amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Birkin da ya makara da daƙiƙa ɗaya na iya jefa gida cikin jinya ko makoki.

Kamar yadda likita ke tambayar inda ke ciwo da lokacin da yake tashi, haka za ka lura da motarka kafin ka je gareji.

Idan rawar tana zuwa ne kawai da ka kai gudun kilomita 80 zuwa sama, galibi nauyin taya ne bai daidaita ba, sai an yi mata balansin. In a sitiyari kake jin ta, duba tayoyin gaba. In a kujera ne, na baya. In kuwa motar tana rangaji tun tana tafiya a hankali, tsaya nan take. Wataƙila taya ta yi ƙulu, ko rami ya lanƙwasa ƙarfenta, ko notuna sun kwance. Tayar da ta kumbura a gefe ba ta faci, canzawa ake yi.

Idan kuma sai ka taka birki sannan sitiyari ya kama rawa, zargi farantin birkin gaba. Zafi da gogayya kan sa fuskarsa ta cinye ba daidai ba. Sai dai kada ka rikita wannan da bugun da za ka ji a ƙafa in ka taka birki da ƙarfi a mota mai ABS. Wannan aikinsa yake yi, kada ka ɗaga ƙafa.

Saurari ƙara ma. Siririn kuka yakan nuna takalmin birki ya kusa ƙarewa. Gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa na nufin ya ƙare, har ya fara cin farantin, kuma kuɗin gyara ya ƙaru ke nan. Motar da ke fizgewa gefe ɗaya in an taka birki, ko ƙafa ɗaya ta yi zafi tana ƙauri, alama ce birkin wannan ɓangaren ya cije.

Mafi haɗari shi ne birkin da ya yi laushi, ko yake nutsewa ƙasa sannu a hankali. Ko dai iska ta shiga bututu, ko mai yana yoyo. Wannan motar ba ta ɗaukar yara ko da zuwa makarantar bayan layi ce, a kira bakanike ya zo inda take. Kada ka yarda a zuba maka ruwan omo ko baƙin mai a madadin man birki. Ruwa yana tafasa in birki ya ɗau zafi, baƙin mai kuma yana kumbura robobi. Yi amfani da wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk shekara biyu.

Sai batun tayar gwanjo, wadda araharta ke ruɗar mutane. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta yana nan raɗau.

A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, sa ƙaramar giya, kada ka ɗora ƙafa a birki har ƙasa, domin in ya yi zafi ba ya kamawa. In birki ya ƙi a hanya, yi ta taka shi da sauri, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Uwargida, ke ma da ke kai yara makaranta, abin da kika ji ki faɗa wa bakanike dalla-dalla: a wane gudu, a wane gefe, da birki ko babu. A kai mota dubawa mako guda kafin tafiya, ba daren tafiya ba. Allah Ya kai mu gida lafiya.