Ba A Sanin Masoyi Sai Ranar Faɗuwa

Ya ku samarin Gayam da sauran ƙasar Birnin Gwari, ku saurara. Ƙungiyar ƙwallon Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Nijeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A wancan zamani kowa masoyinta ne, gama inda zuma take nan ƙuda ke taruwa. Amma da ta faɗo rukuni na biyu a 2022, sai 'yan ganima suka watse. Waɗanda suka daure, su ne suka sha daɗin dawowarta a 2023. To, wanda ya saba yada amana a wajen wasa, ƙaƙa zai yi ranar da amininsa ya talauce? Haza wassalam.