Kafin Maigida Ya Sayo Taya, Ki Duba Lambobi Huɗu

Uwargida, idan maigida ya ɗauko motar nan tasa mai gudu daga Unguwar Sarki ya nufi hanyar Zariya da yara a baya, abin da ke riƙe ku a kwalta bai wuce faɗin tafin hannu huɗu na roba ba. A asibiti mun sha karɓar waɗanda taya ta fashe musu ana cikin tafiya.

Ki duba gefen tayar. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23, shekarar 2021. Roba na tsufa ko da zanenta na nan, shi ya sa tayar gwanjo ke yaudara.

Akwai kuma harafin gudu: H kilomita 210 a awa, V 240. Kada a sa ƙasa da wanda kamfanin motar ya tsara. Taya mai siririn gefe na burge samari, amma rami ɗaya kan kumbura ta.

Kafin damina, ki sa mai faci ya auna iska da zurfin zane. Idan bai kai milimita 1.6 ba, a canza.